Falalu Mai Baƙin Allo

Ban taɓa son Falalu ba, shi ma kuma ya san haka. Mijin ƙanwata Taiba ne, kusan sa'ana, amma tun ranar da ya fara zuwa gidanmu gaisuwa jininmu bai haɗu ba. Dogo ne siriri mai ɗan gemu, idan ka gaishe shi sai ya ce maka "lafiya" sau ɗaya ya ja bakinsa ya tsuke. A ƙasarmu kuwa, inda sai an tambayi gida da iyali da gajiya da ruwa kafin a shiga magana, wannan kaɗai ya isa a ce mutum ba shi da kirki. Ni sunana Ummaru, direba ne, ina jan Golf tsakanin Talata Mafara da Sakkwato. Abin da zan faɗa a kan Falalu, wani da idona na gani, wani kuma Taiba ce ta ba ni labari.

A Bakura aka haife shi. Mahaifinsa Malam Ishaq yana karantar da littattafai a zaure, da rani kuma yana noman shinkafa da albasa a filayen Bakolori. Falalu ya sauke Alƙur'ani da wuri, Malam ya sa rai shi zai gaji zauren. Sai dai Falalu ba shi da haƙurin koyarwa ko kaɗan. Idan ɗalibi ya ɓata aya sau biyu, sai ya rufe littafin ya tashi ya bar shi. Da Malam ya ga haka sai ya ƙyale shi ya bi boko, har ya zo Mafara ya karanci kwamfuta.

Aikinsa na farko da wani kamfani ne da aka ba kwangilar gyaran hanyoyin ruwa. Shi ne mai bin kanal a kan babur, yana ɗaukar hoton inda siminti ya tsage, yana naɗar koken manoma, yana tura wa injiniyoyi a Kaduna. A cikin gonaki sabis ba ya wuce sanda ɗaya, shafin imel sai ya yi ta juyi ya ƙi buɗewa. Wani injiniya Bayarabe da ke cikinsu, Rasaki, shi ya karɓi laftof ɗin Falalu ya goge duk abin da ke ciki, ya zuba masa wani tsarin sarrafa kwamfuta da ake kira Linux, ya koya masa tura saƙo da wata ƙaramar manhaja da ake kira mutt.

Ni ba sanin kwamfuta na yi ba, amma na zauna kusa da shi sau da yawa na ga yadda yake yi. Allon baƙi ne ƙirin, babu hoto, babu kibiyar da ake bi da yatsa, sai fararen haruffa. Zai rubuta sunan manhajar, ya rubuta kan magana, ya rubuta sunan hoton da zai liƙa da sunan muryar da ya naɗa, sannan adireshin wanda za a kai wa, duk a layi ɗaya, ya danna. Kafin nan kuma yana da wani layin da yake rubutawa ya matse hotunan su yi sauƙi, ya rage nauyin murya da bidiyo. Idan babu sabis saƙon ba ya ɓata, yana shiga layi ne ya jira kamar motoci a tasha, da zarar an samu sabis sai su fita ɗaya bayan ɗaya.

Bai daɗe a kamfanin ba. Wata rana a gaban manoma ya ce wa shugaban aikin simintin da suka zuba ƙasa ce aka shafa wa toka. Wasu sun ce gaskiya ya faɗa. Wataƙila haka ne, amma na san yadda Falalu yake faɗin gaskiya, kamar mai jifa da dutse yake yi. Aka sallame shi, ya fito da tsohuwar laftof ɗinsa, ya kama shago a bakin tasharmu yana buga takardu, yana tura wa masu neman aiki da masu neman makaranta saƙonninsu. A lokacin ne ya auri Taiba, ba da son raina ba.

Shagon da ke manne da nasa na Nazir ne, mai sayar da wayoyi da caji, mai zuba wa samari waƙoƙi da finafinai a memori. Nazir mutum ne mai fara'a da yawan jama'a, lasifikarsa ba ta yin shiru daga hantsi zuwa magariba. Falalu ya ce da shi mai sayar da hayaniya. Nazir kuma ya sa masa suna Mai Baƙin Allo, yana gaya wa mutane cikin raha wai aljanu ne ke amsa masa a ciki. Sun yi faɗa a kan hayaƙin janareta, sun yi a kan bencin da ke tsakanin ƙofofinsu, sun yi a kan ruwan da ake zubarwa. Har sarkin tasha ya gaji da sasanta su.

Haka ake har ƙarshen daminar da gwamnati ta katse layukan waya a Zamfara saboda 'yan bindiga. Aka wayi gari kowace waya ta koma tocila. Aka rufe kasuwannin mako, aka taƙaita sayar da mai. A lokacin garin ya cika da mutanen da suka gudo daga Gidan Goga da ƙauyukan Maradun, suna kwana a kangaye da azuzuwan makaranta. Da yawansu suna da ɗa ko miji a Legas ko Fatakwal ko Saudiyya, kuma na can ba su san wanda ya mutu da wanda ya rayu ba. Mu direbobi akan ba mu lambobi mu kira idan mun shiga Sakkwato, amma me za ka faɗa wa mutum a madadin uwarsa? Shagon Nazir kuwa ya mutu murus, yana zaune yana korar ƙuda.

Wata safiya Falalu ya same ni ina duba mai a mota. Bai gaishe ni ba.

"Yaya Ummaru, kujerar gaba nika so, duk ranar da za ka Sakkwato."

"Mi za ka yi can?"

"Saƙonnin mutane zan kai."

"Ka ba ni lambobin in kira musu mana, kamar yadda kowa ka yi."

"Kai ka iya kuka da muryar tsohuwa?" Ya juya ya tafi.

Abin da ya tsara shi ne, mutum zai zo shagonsa ya shiga bayan labule ya yi magana a makirfo, a ɗauke shi hoto a jikin farin bango, wanda ke son bidiyo a yi masa ɗan gajere. Falalu zai haɗa komai a saƙo ɗaya da sunan mai shi, ya sa a layi. Wanda bai san adireshin ɗan'uwansa ba zai ba da lamba, idan mun isa Sakkwato Falalu ya kira ya karɓi adireshin. A can akwai shagon wani abokinsa mai intanet mai ƙarfi, yana zama ya rubuta layi ɗaya, duk abin da ya tara ya fice, amsoshin wancan zuwan kuma su sauko. Nazir ya ce wannan wahalar banza ce, ai WhatsApp ya fi sauƙi. Falalu ya ce ba zai cusa asirin mutum ɗari a waya ɗaya ba, a wurinsa kowa da aljihunsa. A ganina akwai taurin kai a ciki, don abin da ya iya ke nan kuma ba ya son a ce masa akwai wata hanya. Amma dai abin ya yi aiki.

Kafin a jima bencin da suke faɗa a kansa ya cika, layi ya wuce ƙofar Nazir. Falalu bai sauya hali ba don ya samu jama'a. Yana yi wa tsofaffi tsawa su matso kusa da makirfo, yana katse wanda ya tsaya doguwar gaisuwa. Na ga ranar da wata mata, Na'ima, 'yar Gidan Goga, ta zo da jaririn da ta haifa a hanyar gudu. Mijinta yana dako a kasuwar albasa a Legas, bai san ta haihu ba, bai kuma san an kashe ƙaninsa ba. Ta zauna gaban makirfo ta kasa cewa komai sai kuka.

"Baiwar Allah, batir kika ci min," in ji Falalu. "In ba ki da magana ki ba wani wuri."

Mutanen benci suka yi ta Allah wadai da shi. Ya tashi fuu ya fito, ya ja labulen, ya tsaya a bakin ƙofa yana harare-harare, ya bar ta ita kaɗai da na'urar tana naɗa. Ta daɗe a ciki. Taiba ta gaya mini bai yanke komai ba, da kukan da shirun da maganar duk ya tura, tare da hoton jaririn. Da amsa ta zo ya sa mata abin ji a kunne ya koma ya juya mata baya har ta gama.

Ana cikin haka Bappa ya zo. Tsohon Bafulatani ne daga wata ruga a yankin Maradun. Shi ma 'yan bindigar sun kore masa shanu sun ƙone rugar, ya gudo da matarsa ya kafa bukka a bayan gari. A wancan lokacin babu mai tambayar Bafulatani wace wahala ta kawo shi. Ko mai shayi sai ya ga dama yake sayar musu. Da Bappa ya zauna a benci sai mutanen da ke kusa suka ja jiki, wuri ya buɗe a hagunsa da damansa.

Wani dattijo ya leƙa shagon ya ce, "Falalu, wanga fa? Da shi za ka yi?"

"Ya bi layi?"

"Ya bi."

"To mi ya rage?"

Ɗan Bappa, Ɗayyabu, ma'aikacin jinya ne a Gombe. Ƙafar tsohuwar, matar Bappa, ce ta kumbura ta fara ruwa, kuma suna tsoron zuwa asibiti. Falalu ya ɗauki kyamara ya bi tsohon har bukka, ya ɗauko hoton ƙafar ta kowane gefe da ɗan bidiyo, suka dawo Bappa ya shiga bayan labule ya yi maganarsa da Fulatanci. Duk wanda ke tasha ya ga tafiyarsu da dawowarsu.

A cikin makon aka kai hari wani ƙauye a hanyar Maradun, aka kashe mutane, aka tafi da mata. Washegari da safe ina teburin mai shayi na ji Nazir da kunnena. Bai ɗaga murya ba, yana juya cokali a kofi yake magana.

"Ni dai tambaya nika yi. Gwamnati ta katse waya don kada a ba ɓarayi labari. To wa ya rage garin ga da ke aika saƙo? Wa ka shiga bayan labule da Fulani? Kuma kun taɓa ganin kwamfutar kirki da ba a gane abin da anka rubuta cikinta?"

Kafin azahar maganar ta kai kasuwa, kafin la'asar ta kai unguwarmu, har an ƙara mata cewa an ga taswirar ƙauyen a baƙin allon.

Na je na sami Falalu yana rufe shago. Na ce masa ya dakata da aikin nan na ɗan lokaci, ko aƙalla ya daina karɓar Bappa.

"Nazir ya aiko ka?"

"Ba wanda ya aiko ni. Ƙanwata na gidanka, kuma motata kaka shiga."

"In tsoro kaka ji, ka faɗa, in nemi wata mota."

"Wallahi Falalu bakinka zai kashe ka."

"Ai ba naka ba ne," ya ce, ya danna kwaɗo.

Ranar tafiyarmu ta gaba, da hantsi, mota ta cika ina ɗaure kaya a but sai ga 'yan sa-kai sun shigo tasha da bindigogin toka da gora. Shugabansu Misbahu na san shi, ƙanin matarsa yana cikin waɗanda aka kashe a harin. Bai ko dube ni ba. Ya buɗe ƙofar gaba ya finciko Falalu da kwalar riga, jakar laftof tana rataye a wuyansa. Suka ja shi zuwa gaban shagonsa suka zaunar da shi a benci. Kan ka ce me, tasha ta watse ta dawo kansu. Nazir yana tsaye a ƙofarsa ya harɗe hannu.

"Buɗe," in ji Misbahu.

Falalu ya buɗe ya kunna. Da baƙin allon ya fito da fararen haruffa suna gudu sai jama'a suka ɗau guna-guni. Wani daga baya ya ce ga shi nan, rubutun asiri ne.

"Mi ke ciki?"

"Saƙonnin mutane. Rabinsu ga su nan tsaye suna kallonka."

"Kunna muna su duka mu ji."

"Ba ni kunnawa."

"Mi ka ce?"

"Na ce ba ni kunnawa. Ba nawa ba ne. Matar da ta yi wa mijinta magana bayan labule ba don kai ta yi ba."

Da ya tsaya nan wataƙila da an samu mai sasantawa. Sai ya ƙara da cewa in jarumta suke ji, daji ba nisa gare shi, sun san hanya. Misbahu ya ɗaga gindin bindiga ya sauke masa a hannun dama da ke kan madannai. Na ji ƙarar ƙashi daga inda nake. Laftof ta zame ta faɗi a kan siminti. Wasu samari suka fara kiran a kawo taya.

Na kutsa na fita da gudu zuwa masallacin tasha. Limaminmu Malam Hamidu tare suka yi karatu da mahaifin Falalu, kuma mahaifiyar limamin Bafulatana ce, yana jin harshen. Na same shi yana karatu, na gaya masa a tsaye. Bai ko nemi takalmi ba. Kafin mu iso an riga an je bayan gari an jawo Bappa, rawaninsa ya warware yana jan ƙasa, an durƙusar da shi gefen benci. Falalu yana zaune ya rungume hannunsa, gumi yana zuba, leɓensa a fashe.

Malam Hamidu ya shiga tsakiya ya yi sallama, ya ƙi ci gaba sai da aka amsa masa. Ya tambayi abin da ake tuhuma, Misbahu ya faɗa. Malam ya juya ga Bappa ya yi masa magana da Fulatanci, tsohon ya amsa a hankali.

"Ya ce a kunna nashi," in ji Malam. "Mai abu ya ba da izini, Falalu."

Aka ɗauko laftof ɗin. Rabin allon ya mutu, ya yi kamar an zuba masa tawada, ɗaya rabin yana nunawa. Falalu ya ɗora ta a gwiwa ya rubuta da hannun hagu, yatsa ɗaya, a hankali. Wannan saƙo na biyu ne da Bappa ya naɗa, bai riga ya tafi ba. Hoton ƙafar tsohuwar ya fito a rabin allon, a kumbure, fatar ta tsage. Sannan muryar Bappa ta tashi, Malam yana tsayar da ita yana fassarawa. Tsohon yana gaya wa ɗansa maganin da ya ce a saya ba a same shi ba, ƙafar ta fara wari, uwarsa ba ta barci. Yana ce masa kada ya kuskura ya zo, hanya ba kyau, kuma a garin ma ba a son ganinsu. Ya ce sauran saniya guda da ta biyo su ta mutu. Ya rufe da cewa ya riƙe salla.

Na ɗauka shi ke nan. Sai wani ya ce ai malam ɗan'uwansu ne, me zai hana ya gyara maganar. Wani ya ce ƙila saniya da magani duk kalmomin asiri ne. Misbahu ya ce a kunna sauran. Malam Hamidu ya ce duk wanda saƙonsa ke ciki kuma ya yarda, ya matso ya faɗa da bakinsa. Wasu maza suka matso, aka kunna nasu: mai neman ɗansa ya aiko da abin sayen hatsi, mai sanar da rasuwa, mai nuna wa wansa gonar da aka hana su girbewa. Matan babu wadda ta matso. Na'ima tana can baya da goyonta, ta ja mayafi ta rufe fuska. Rana ta take, abin ya fara gundurar masu kallo, aka kira azahar, jama'a suka rage. Misbahu ya nuna Falalu da yatsa ya ce idonsu na kansa, suka tafi. Babu wanda ya ce a yi haƙuri.

Yatsu biyu ne suka karye. Mai ɗori ya ɗaure su, amma ɗaya bai koma daidai ba, har yau a lanƙwashe yake. Washegari bencin ya zama wayam. Waɗanda jiya suke roƙon Allah ya yi wa Falalu albarka suka koma bin ɗaya gefen titi. Wasu mata kaɗan suka riƙa zuwa wurin Taiba ta ƙofar baya suna tambaya ko amsarsu ta zo. Ni ma abin ya shafe ni, fasinja suka fara tsallake motata suna cewa motar masu kai rahoto ce. Na aika masa cewa na gama ɗaukarsa.

Ya zo har gida da hannu a rataye.

"Akwai saƙonni cikin layi da ba su tahi ba. Mutane sun ba ni, sai na kai."

"Mutanen da sunka tsaya suna kallo ana dukanka?"

"Ba don suna da kirki na karɓa ba."

"To ka nemi wata mota, kamar yadda ka ce."

"Na nema. Duk matsorata ne irinka."

Na tashi zan kore shi, Taiba da ta biyo shi ta shiga tsakani tana kuka, tana cewa Yaya ka yi don ni. Don ita na yi. Muka tafi mu biyu kawai a motar, babu fasinja ko ɗaya, har Sakkwato. A kowane shingen jami'an tsaro sai na kauce wa duban jakarsa. A shagon abokinsa ya haɗa laftof ɗin da wani allon tebur, ya rubuta layinsa da hagu, muka zauna muna kallon sunaye suna wucewa har suka ƙare. Amsoshi suka sauko, ciki har da ta Ɗayyabu: murya, da hoton kwalin wani maganin, da sunan wani abokinsa a asibitin Sakkwato da zai karɓi tsohuwar idan an kawo ta. Falalu ya sa na tsaya a kemis ya sayi maganin.

Da muka dawo ya ce in sauke shi a bayan gari. Na bi shi don kada wani abu ya same shi a ce ni na kai shi. Bukkar Bappa babu kowa, an kwashe tabarma da tukunya, murhu ya yi sanyi. Masu gonar kusa suka ce tun daren ranar da aka yi abin suka ɗora tsohuwar a jaki suka yi arewa, ba su san inda suka nufa ba. Falalu ya tsaya da ledar magani a hannu yana kallon wurin. Sannan ya juyo ya ce mini, "Mi kaka kallo? Mu tahi." Daga baya ya rubuta wa Ɗayyabu duk abin da ya faru bai rage komai ba. Ɗayyabu ya zo da kansa bayan hanya ta ɗan yi sauƙi, ya yi ta bin rugage har cikin Nijar. Ban ji an ce ya same su ba.

Da aka maido da sabis kowa ya koma kan wayarsa. Lasifikar Nazir ta dawo, har ya ƙara shago na biyu. Falalu ya buɗe nasa na ɗan lokaci, ba mai shiga sai baƙon da bai san labari ba. Kafin azumi ya kwashe kayansa ya koma Bakura da Taiba da yaransu, ya karɓi gonar mahaifinsa da tsufa ya kama. Yanzu albasa yake nomawa. Ƙungiyar manoman yankinsu ta ba shi aikin tura wa dillalan Legas da Aba hotunan kaya da bayanin girbi, yana yi da wata laftof ɗin da ya saya ta hannu, ita ma ya mayar da allonta baƙi. Sun ce aikinsa ba ya kuskure, sun kuma ce ba a zaman taro da shi a tashi lafiya. Mafara kuwa ba ya sauka, idan tafiya ta bi da shi ta nan yana zaune cikin mota har a wuce.

Bara Malam Ishaq ya rasu. Na kwashi mutanen tasha zuwa ta'aziyya, Malam Hamidu a gaba, Nazir ma ya ce zai je, ban hana shi ba. Muka sami Falalu a zauren mahaifinsa cikin 'yan'uwa da ɗalibai. Aka yi addu'a aka shafa. Nazir ya matsa ya durƙusa a gabansa ya miƙa hannu biyu.

"Malam Falalu, ya haƙuri? Allah ya jiƙan Malam, ya sa ya huta. Abin da ya faru baya kuma, don Allah a yafe. Lokacin kowa ba ya cikin hankalinsa."

Falalu bai karɓi hannun ba. "Amin ga addu'ar da ka yi wa Malam," ya ce. "Sauran ka bari sai mun haɗu inda shi ya tahi."

Malam Hamidu ya ce, "Falalu, a zauren mahaifinka, ranar ga?" Ya jawo masa aya a kan masu haɗiye fushi da yafe wa mutane. Falalu ya saurara kansa a ƙasa har Malam ya kai ƙarshe, ya ce ya ji, ya gode, sannan ya juya ya amsa gaisuwar wanda ke biye. Nazir ya tashi ya fita ya jira mu a mota.

Kafin mu tafi na shiga cikin gida na yi wa Taiba ta'aziyya. Na ce mata mijinta har gobe bai san yadda ake zama da mutane ba. Ta ce ta sani, ita ke zaune da shi. Ta sa aka ɗora mini buhun albasa a but, ta ce shi ya ware mini tun ranar girbi, ya kuma ce a gaya mini tayar bayana ta hagu ta suɗe, in canza ta kafin in kashe mutane.